Na sayi wasan kwamfuta da kuɗina, me ya sa ba ya buɗewa sai da intanet?

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi wani wasan kwamfuta ta intanet, na biya kuɗina cif, na sauke shi gaba ɗaya a laftof ɗina. Wasan na mutum ɗaya ne, ba da kowa nake bugawa ba. Da farko yana yi lafiya lau. Da na yi tafiya zuwa inda babu netwok, ina danna shi sai ya ce in shiga asusuna, ko ya ce sai an haɗa da intanet. Wani lokacin ma sai ya yi ta juyawa, bai buɗe ba, bai kuma ce komai ba. Shin kwamfutar ce ke da matsala, ko cutata aka yi? Kuma akwai yadda zan yi in riƙa wasana ba tare da intanet ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da kake son sani shi ne dalilin da zai sa wasan da ke zaune cikin kwamfutarka, wanda kai kaɗai kake bugawa, ya nemi intanet, da kuma ko akwai mafita. Bisa abin da ka bayyana, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, wasan ma yana nan bai lalace ba. Izinin buɗe shi ne ya maƙale. Mafi yawan lokuta ana warware wannan, sai dai warwarewar ita kanta tana buƙatar intanet na 'yan mintuna, kuma kafin tafiya ake yinta. Akwai kuma wasu wasannin da babu dabarar da za ta sa su tashi ba intanet, zan zo kansu.

Me ka saya tukuna?

A da, faifai ake saya. Ka kawo shi gida, ka ɗora, ka rubuta lambar da ke jikin kwalinsa, magana ta ƙare. Abin ya fara sauyawa ne bayan da kamfanin Valve ya buɗe Steam, shagon sayar da wasanni ta intanet, a 2003. Da wasan Half-Life 2 ya fito a 2004, ko da faifai ka saya sai ka haɗa da intanet an tantance ka ta Steam kafin ya buɗe. Mutane sun yi ƙorafi sosai a lokacin, amma a hankali wannan ya zama yadda ake sayar da wasanni.

Yau idan ka danna maɓallin saye a irin waɗannan shagunan, lasisi ake sayar maka, wato izinin yin wasan bisa sharuɗɗan da aka rubuta a waccan doguwar yarjejeniya da ake dannawa a wuce. Kamfanonin ba sa musun wannan. A 2024 jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan kaya su fito fili su gaya wa mai saye cewa lasisi yake karɓa, kuma tun watan Oktoban shekarar Steam ta fara rubuta hakan a wurin biyan kuɗi. To lasisi kuwa sai an duba shi. Tsarin da ke wannan dubawar shi ake kira DRM, kuma aikinsa tamkar na mai gadi ne a ƙofa: ya san kayan ciki kai ka biya, amma ba zai buɗe maka ba sai ya ga takarda, takardar kuma wani ne can nesa ke buga mata hatimi.

Game da ko an cuce ka: ta fuskar yarjejeniya ba a saɓa maka ba. Amma ni a ganina wasan mutum ɗaya da aka karɓi kuɗinsa cikakke bai kamata ya dogara da netwok ba, kuma sharaɗi mai nauyi irin wannan bai kamata a ɓoye shi cikin ƙananan rubutu ba. Ƙorafinka yana kan hanya.

Wurare huɗu da ake tare mutum

Na daɗe ina ɗora wa mutane manhajoji da wasanni, kuma duk sanda aka kawo mini irin wannan ƙorafi, abu na farko da nake yi shi ne in gano wa ke neman intanet ɗin. Saƙon da ya fito yakan nuna.

Idan tagar da ta fito tana neman suna da kalmar sirri, manhajar shagon ce, wato Steam ko Epic ko makamantansu. Wannan shi ne mafi sauƙi. Steam tana da tsarin aiki ba intanet, kuma ba a gina shi da wa'adin kwanaki ba, amma sai ta riga ta adana bayanan shigarka a kwamfutar. Wanda ya cire alamar "Remember me" lokacin shiga, ko ya zaɓi kada a adana bayanan asusunsa a kwamfutar, ko ya fita daga asusun gaba ɗaya maimakon ya rufe manhajar kawai, ya kulle kansa a waje. Manhajojin da ke share tarkacen kwamfuta su ma sukan haɗa da waɗannan bayanan su goge.

Na biyu, manhajar kamfanin da ya yi wasan. Sau da yawa mutum ya saya a Steam, ya danna, sai wata manhaja ta daban ta taso: Ubisoft Connect, ko ta EA, ko ta Rockstar. Kowacce da asusunta, da kalmar sirrinta, da nata tsarin aiki ba intanet. Sai ka tarar mutum ya shirya Steam tsaf, ya manta da ta biyun, ita kuma ita ce ta tsaya neman sabuntawa ko neman a sake shiga. Wasu daga cikinsu suna da wa'adi. Diablo II: Resurrected na kamfanin Blizzard yana yarda a buga shi ba intanet, amma sai an leƙa intanet sau ɗaya cikin kowane kwana 30. Wasannin Game Pass na Microsoft, tsarin da ake biyan kuɗin rajista don a yi wasanni ba tare da an saye su ba, su ma kwana 30 ne iyakarsu, don a tabbatar rajistar mutum ba ta ƙare ba.

Na uku shi ne wanda ya fi rikita mutane, domin ba shi da taga tasa, yana cikin wasan ne a dunƙule. Mafi shahara a nan shi ne Denuvo, wanda wani kamfani a ƙasar Ostiriya ya fitar a 2014. Ranar farko da ka buɗe wasan, Denuvo zai duba kayan cikin kwamfutarka da irin Windows ɗin da ke kanta, ya aika wa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ake kaiwa gare ta ta intanet, a dawo masa da wata 'yar takardar izini wadda ta dace da wannan kwamfutar kaɗai a yadda take a ranar. Muddin komai na nan yadda yake, wasan zai riƙa tashi ba intanet. Da zarar wani abu ya sauya, takardar ta mutu, sai an karɓo sabuwa. Babbar sabuntawar Windows tana iya kashe ta. Sauya wani babban kaya a cikin kwamfutar yana kashe ta. Sabunta wasan kansa yana kashe ta. Wani lokacin kuma tsufa kawai take yi. Nan ne mutum zai rantse cewa bai taɓa komai ba, kuma gaskiyarsa: Windows ce ta sabunta kanta da daddare ranar jajibirin tafiya, shi bai sani ba, bai kuma sake buɗe wasan ba sai da ya isa inda babu netwok. Bayanin da ka yi, na cewa da farko yana yi sannan ya daina, ya yi kama da wannan ƙwarai.

Denuvo yana kuma da iyaka: kwamfuta 5 cikin awa 24. Wanda ya yi ta sauye-sauye yana gwadawa zai iya cika wannan adadin a kwamfuta ɗaya, domin kowane sauyi ana iya lissafa shi a matsayin sabuwar na'ura, sai a ce ya jira gobe. Matsalar ma ba ta tsaya kan marasa netwok ba. A watan Nuwamban 2021 wani adireshin intanet da Denuvo ke amfani da shi ya daina aiki na ɗan lokaci, wasanni da dama suka ƙi buɗe wa mutanen da suka saye su, alhali intanet ɗinsu na aiki.

Na huɗu shi ne wasan da aka gina shi tun asali ya jingina da sabar kamfani. Shi wannan sai mun ware masa wuri.

Kafin nan, akwai abubuwa biyu da ba DRM ba ne amma suna kama da shi. Wasan da ba a taɓa buɗewa ba yakan buƙaci ɗora wasu ƙananan manhajoji na Microsoft irin su DirectX da Visual C++ a tashin farko, wasu kuma sai a lokacin suke sauke ragowar kayansu. Sai kuma wasan da Steam ta riga ta sa masa alamar yana jiran sabuntawa. Da ta ga akwai sabuwa, ko ba ta fara saukewa ba, takan hana tsohon buɗewa har sai an gama.

Juyawar da ba ta ƙarewa

Ka ce wani lokacin yana ta juyawa bai ce komai ba. Wannan na sha ganinsa, kuma yawanci rabin netwok ne ke kawo shi. Laftof ta kama wayfai ko hotsifot ɗin waya, amma babu data a bayansa, ko sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa. Manhajar tana ganin alamar haɗi, sai ta ɗauka akwai intanet, ta yi ta ƙwanƙwasa sabar tana jiran amsa, ba ta koma tsarin rashin intanet ba. Rashin netwok ɗungurungum ya fi mata irin wannan. Ka kashe wayfai ɗin gaba ɗaya, ko ka sa kwamfutar a yanayin jirgin sama, ka zare wayar intanet in akwai, ka rufe manhajar har daga gefen agogo inda take ɓuya, sannan ka sake buɗewa. Sau da yawa a nan take za ta tambaye ka ko kana son ci gaba ba intanet.

Ka duba agogon kwamfutar ma. An taɓa kawo mini wata tsohuwar kwamfuta da wasanninta suka ƙi tashi, mai ita har ya fara shirin goge Windows ya sake ɗorawa. Da na duba sai na ga kwanan watan ya koma shekaru baya. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin allon kwamfutar, wanda a mafi yawansu lambarsa CR2032, shi ne ya mutu, duk sanda aka kashe ta sai ta manta ranar. In akwai intanet Windows na gyara agogon da kanta, shi ya sa ba a lura. In babu, takardar izini ta ga kwanan da bai dace da nata ba, ta ƙi. Kada kuma ka mayar da agogo baya da gangan don ka tsawaita wa'adi. Wasu tsarukan suna gane hakan su soke izinin nan take.

Shirin da ake yi kafin tafiya

Tun ran gini ran zane. Ga yadda nake shirya kwamfutar wanda zai daɗe inda babu netwok, kuma jerin yana da muhimmanci.

Ka fara da Windows. Ka bar ta ta gama duk sabuntawarta, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka shiga saitunan sabuntawa ka dakatar da ita na makonnin da aka yarda. Dalilin farawa da ita shi ne kada ta sauya bayan ka karɓi izini. Daga nan ka buɗe manhajar shagon, ka shiga da alamar a tuna da kai, ka bar ta ta sabunta kanta da wasannin har jerin abubuwan saukewa ya zama babu kowa. Sai ka buɗe kowane wasa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tsaya a shafin farko, ka shiga cikin wasan sosai, ka yi 'yan mintuna, ka adana, ka fita. In wata manhaja ta biyu ta taso, ka shiga, ka sa ta tuna da kai, ka duba saitunanta ko tana da zaɓin aiki ba intanet. Wanda ya saya a shagon Microsoft akwai wani maɓalli a saitunan shagon mai suna "Offline permissions" da zai kunna, amma ya sani sau 3 kawai a shekara ake yarda a sauya kwamfutar da aka ba wannan izinin, kada ya yi ta kunnawa yana kashewa.

Bayan haka, a Steam ka danna sunanta a kusurwar sama ta hagu, ka zaɓi "Go Offline". Sannan matakin da kusan kowa ke tsallakewa: gwaji. Ka kashe wayfai, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka kunna, ka buɗe wasannin. Wanda ya tashi a nan zai tashi a can, muddin wa'adin izininsa bai ƙare ba. Wanda ya ƙi, ka gano tun kana da halin gyarawa. In komai ya yi daidai, kada ka sake haɗa manhajar da intanet kafin tafiyar, domin minti ɗaya ya isa ta hango sabuwar sabuntawa ta sa wa wasan alama.

Idan kuma kana can ne yanzu, abin da kake nema kaɗan ne. Tantance lasisi ba ya cin data sosai, saƙo ne ƙarami ke zuwa ya dawo. Duk inda wayarka ta samu sabis, ko mai rauni ne, ka buɗe hotsifot, ka shiga saitunan wayfai na Windows ka nuna mata cewa wannan haɗin na data ce mai iyaka don kada ta fara sauke nata, ka shiga asusunka, ka buɗe wasan sau ɗaya, ka koma ba intanet. Inda wannan dabarar ke gazawa shi ne idan wasan yana da babbar sabuntawa a gaba, wadda za ta iya kai gigabait da yawa. A nan sai haƙuri har a samu netwok mai ƙarfi. Ka tuna kuma idan asusunka yana da lambar tsaro da ake turowa ta waya ko imel, sai wayar tana hannunka.

Ranar da ka dawo ka haɗa da intanet, wataƙila a tambaye ka wanne za a riƙe: abin da ka adana a kwamfutar ko wanda ke sabar. Ka duba kwanan wata da kyau ka zaɓi na kwamfutar, shi ne sabo. Na ga waɗanda suka yi asarar wasan makonni saboda sun danna ɗayan cikin sauri.

Waɗanda ba su da magani

A 2010 Ubisoft ya fitar da Assassin's Creed II na kwamfuta da sharaɗin sai intanet na haɗe a kowane lokaci, duk da wasan mutum ɗaya ne. Netwok ya yanke, wasa ya tsaya. Kamfanin ya sha suka har ya sanar da barin wannan tsarin a 2012. A shekarar ne kuma Diablo III ya fito, mutane suka yi ta cin karo da saƙon "Error 37" saboda sabar ta cika, har yau kuma na kwamfuta ba ya yi sai da intanet. SimCity na 2013 ma haka ya fito, sai a 2014 aka ƙara masa hanyar yi ba intanet. Akwai masu tsaka-tsaki kamar Hitman na 2016, wanda yake buɗewa ba intanet amma ba za ka buɗe sababbin makamai da ladan ci gaba ba sai kana haɗe.

Mafi muni shi ne abin da ya faru da The Crew, wasan tseren mota na 2014. An daina sayar da shi a Disamban 2023, aka rufe sabarsa a ƙarshen Maris na 2024, daga ranar ya daina tashi, har ga waɗanda suka sayi faifai. Wannan ne ya sa Ross Scott, wani mai yin bidiyo a YouTube, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan 1 a 2025. Buƙatarsu ba ta da yawa: in kamfani zai daina kula da wasa, ya bar shi a yanayin da wanda ya saya zai iya ci gaba da yi. Ina tare da su a kan wannan.

A irin waɗannan wasanni wani ɓangare na aikin a sabar kamfani ake yinsa, ko a can ake adana ci gabanka, don haka babu saitin da zan nuna maka. In naka yana cikinsu kuma ba ka daɗe da saya ba, ka nemi a mayar maka da kuɗi. Ƙa'idar Steam ita ce cikin kwana 14 da saye, kuma ba ka kai awa 2 kana yi ba. Ko ka ɗan wuce, ba laifi ka rubuta musu ka faɗi dalili, sukan duba.

Za a samu mai ce maka ka sauke wanda aka fasa, tunda ai ka biya. Na fahimci abin da ke kai mutum ga wannan tunani, domin abin takaici ne a ce wanda ya biya ya fi wanda bai biya ba shan wahala. Duk da haka ba na ba da wannan shawarar. Ya saɓa wa yarjejeniyar da ka amince da ita, kuma irin waɗannan fayilolin hanya ce da masu satar kalmomin sirri suka daɗe suna bi. Za a ce ka kashe manhajar tsaro kafin ka ɗora, kai kuma ba ka da yadda za ka tantance abin da ka shigar. Asusun da ke ɗauke da duk wasanninka yana iya tafiya a haka.

Kafin ka sake saye

Daga nesa ba zan iya yanke maka wanne cikin huɗun nan ne ya tare ka ba, tunda ba ka faɗi sunan wasan ba, kuma kamfanoni na sauya tsarinsu: wasu na cire Denuvo bayan wasa ya kwana biyu a kasuwa, wasu na ƙara manhajar da da babu. Amma kai za ka iya ganowa cikin minti biyu. A shafin kowane wasa a Steam, ta gefen dama, akwai wani ɗan akwati da ke faɗin ko wasan na ɗauke da DRM na wani kamfani, da ko yana buƙatar asusu na daban. Ka sauka ƙasa wurin da aka rubuta irin kwamfutar da yake buƙata, in ka ga an ambaci intanet a wasan mutum ɗaya, ka yi hattara. Shafin PCGamingWiki kuma yana jera irin DRM ɗin kowane wasa, shago bayan shago, domin wasa ɗaya yana iya zuwa da kulle a wani shagon, ya zo ba kulle a wani.

Ga wanda yake yawan zama ba netwok kamarka, shagon GOG nake fara dubawa. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ne ya kafa shi a 2008, kuma ƙa'idarsa ita ce sayar da wasanni ba DRM. Suna da manhajarsu mai suna Galaxy, amma ba dole ba ce. A cikin asusunka za ka ga fayilolin ɗora wasan, ka sauke su, ka kwafa a filash ko wani faifan ajiya, ka ɗora a kwamfutarka duk sanda ka so ba tare da ka shiga asusu ba. Raunin shagon shi ne sababbin manyan wasanni da yawa ba sa zuwa can, ko su zo a makare, kuma ɓangaren wasa da wasu mutane ta intanet yana iya neman Galaxy. In ka sayi wani abu a can, ka sauke fayilolin a ranar, har da ƙarin ɓangarorin da aka sayar daban, ka ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, sannan ka kashe wayfai ka ɗora sau ɗaya ka tabbatar babu fayil ɗin da ya yanke wajen saukewa.